Yadda ake tsara ayyukan ƙungiyar matasa a majami'ar Yahudawa

A yawancin majami'un Yahudawa na Amurka, yaro yakan shafe shekaru yana zuwa makarantar addini da yamma bayan an tashi daga boko, ko kuma da safiyar Lahadi, yana koyon baƙaƙen Ibrananci da addu'o'i, har ranar da zai cika shekara 13 ya tsaya gaban jama'a ya karanta wani yanki na Attaura daga naɗaɗɗiyar fata wadda babu wasali ko ɗaya a cikinta. Wannan biki shi ake kira bar mitsba, na 'ya mace kuma bat mitsba, wanda ake yi mata tana da shekara 12 ko 13 gwargwadon ɓangaren da iyayenta ke bi. Dangi su taru, a ci a sha, a yi rawa, sannan mako na zagayowa a nemi yaron a rasa, ko ƙeyarsa ba a gani. Malaman majami'u sun daɗe suna kuka da wannan ɓacewa, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗalibi ke ɗauke ƙafa daga Islamiyya bayan walimar sauka ba ya bukatar dogon bayani.

An kafa ƙungiyar matasa ta majami'a ne domin shekarun da ke tsakanin wannan biki da tafiya jami'a, wato daga 13 ko 14 zuwa 18. A ganina, abin da ke dawo da matashi irin wannan shi ne aikin da ya san zai lalace idan bai zo ba, kuma a kan wannan fahimta ya kamata jagoran ƙungiya, wato babban mutumin da majami'a ta ɗora wa kula da ita, ya gina tsarinsa na shekara.

A fara da sanin gidan da ake ciki

Yahudawan Amurka ba tafiyarsu ɗaya ba, kuma jagoran da ya kama aiki bai san wannan ba zai yi ta tuntuɓe. Binciken da cibiyar Pew ta gudanar a 2020 ya ƙiyasta yawansu da kimanin miliyan 7.5, ya kuma nuna cewa a cikin manyansu kashi 37 cikin ɗari na bin ɓangaren Rifom, masu sassauci a dokokin addini, kashi 17 na bin Konsabatib, waɗanda ke tsaka-tsaki, kashi 9 kuma Otodoks ne, masu riƙo da dokokin kamar yadda aka gada, yayin da kusan kashi ɗaya cikin uku ba su jingina kansu da kowane ɓangare ba. Kowane ɓangare yana da uwar ƙungiyar matasansa. NFTY ta 'yan Rifom ce, an kafa ta a 1939. USY ta 'yan Konsabatib ce, tun 1951. NCSY kuma ta 'yan Otodoks ce, tun 1954, kuma tana ba da ƙarfi sosai wajen jawo yaran makarantun gwamnati waɗanda gidajensu ba su cika kiyaye addini ba. Akwai kuma Bnei Akiva, wadda aka kafa a birnin Ƙudus a 1929, mai taruwa da yammacin Asabar a majami'un Otodoks da dama, da BBYO, wadda tushenta ya faro a Omaha ta jihar Nebraska a 1924, wadda ba ta ƙarƙashin kowace majami'a amma yaran da majami'a ke nema su ne ita ma take nema. Amfanin shiga ƙarƙashin uwar ƙungiya a fili yake ga ƙaramar majami'a mai matasa goma sha biyu kacal, domin ta nan ne yaranta za su je tarukan yanki su haɗu da ɗaruruwan tsararrakinsu.

Bambancin ɓangarorin nan yana shiga har cikin ƙananan abubuwa. A taron 'yan Rifom, jita ce ke jan addu'ar daren Juma'a, lokacin da Asabar, ranar hutu mai tsarki ta Yahudawa, ke shiga, alhali a wurin 'yan Otodoks ba a taɓa kayan kiɗa a ranar. A Rifom da yawancin majami'un Konsabatib, yarinya tana karanta Attaura a gaban jama'a, ana kuma ƙirga ta cikin mutum goma da ake bukata kafin a yi addu'ar jam'i, wato minyan. A Otodoks maza kaɗai ake ƙirgawa, kuma akwai shamaki tsakanin maza da mata a wurin addu'a. Har batun wane ne Bayahude ma akwai saɓani, domin a dokar da aka gada ta wajen uwa ake bi, amma tun 1983 'yan Rifom na Amurka suka amince da ɗan da ubansa kaɗai ne Bayahude idan an rene shi a kan addinin. Saboda haka aiki na farko shi ne jagora ya zauna da rabbi, wato malamin majami'ar, su rubuta amsoshin waɗannan tambayoyi a takarda guda: wane abinci ne zai shigo ginin, me ake yi da wayoyi ranar Asabar, wa zai ja addu'a, ana rawa a cakuɗe ko ba a yi, kuma ko yaro zai iya zuwa da abokinsa wanda ba Bayahude ba. Gara a ji kunyar yin tambaya a ofis da a sha kunya a gaban iyaye.

Shugabanci a hannun matasan

A al'adar waɗannan ƙungiyoyi, matasan ne ke zaɓen shugabanninsu sau ɗaya a shekara. A USY, alal misali, bayan shugaba akan sami mataimaki mai kula da ibada da ilimi, da mai kula da ayyukan taimakon jama'a, da mai kula da jawo sababbin membobi, da mai kula da sadarwa, da mai kula da al'amuran da suka shafi Isra'ila. Ƙaramar ƙungiya ba ta bukatar cike duk waɗannan kujeru, domin muƙamin da ba shi da aiki ya fi rashin muƙami illa. Abin da ya wajaba shi ne kowane taro ya kasance da mutum ɗaya da aka rubuta sunansa a matsayin mai shi, wanda zai kira mai kawo abinci, ya nemi ɗaki, ya tsaya gaba ya buɗe taron.

Nan ne jagora ke shan jarrabawa, domin ya san cewa da shi ne zai yi aikin, cikin rabin sa'a ya gama. Dole ya danne zuciyarsa. Idan yarinyar da ke kula da sanarwa ta makara, mutum shida suka zo maimakon ashirin, wannan darasi ne mai araha, kuma a zaman shugabanni na gaba ita da kanta za ta faɗi inda aka kuskure. Abubuwa uku ne kawai ba a barin yara su koya ta hanyar kuskure: lafiyar jiki da tsaro, kuɗin majami'a, da dokokin abinci da na Asabar.

Game da jawo sababbi, saƙon da aka watsa wa kowa a Instagram ba ya kawo yaro mai shekara 14 wanda bai san kowa ba. Abin da ke kawo shi shi ne wani na gaba da shi da aji biyu ya kira shi da sunansa, ya ce zai jira shi a bakin ƙofa. A raba sunayen duk waɗanda suka yi bar mitsba ko bat mitsba cikin shekara biyu da suka wuce tsakanin shugabannin, kowa ya ɗauki biyar ko shida. Taron farko kuma ya zama mai sauƙi, fiza da wasanni a ɗakin matasa, ko wasan gaga, wanda ake yi a cikin wani kewayen katako ana dukan ƙwallo da hannu domin ta taɓa ƙafar wani ya fita, wasan da kusan duk wanda ya taɓa zuwa sansanin hutu na Yahudawa ya sani.

Kalanda ce ke jan ragama

Kalandar Yahudawa tana bin wata kamar ta Hijira, sai dai tana ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, domin bukukuwa su riƙa faɗowa a lokutansu na shekara. Kwanakin suna motsawa gaba da baya a kalandar boko, kuma kowace rana tana farawa ne daga faɗuwar rana ta jajibiri. Dole ne a shimfiɗa kalandar majami'a da ta makarantun garin gefe da gefe tun watan Yuni ko Agusta, a cire makonnin jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya, musamman da yake manyan bukukuwa suna afkowa ne daidai lokacin da aka koma makaranta.

Rosh Hashana, sabuwar shekara, tana zuwa a Satumba ko farkon Oktoba, sai Yom Kippur, Ranar Kafara, a rana ta goma ga watan, da azuminta na kimanin sa'a 25 ba ci ba sha. A ranakun nan majami'a cike take, kuma matasa kan ƙosa su fita harabar waje. Maganin hakan shi ne a ba su aiki. A majami'u da yawa su ne ke raba jakunkunan takarda a bakin ƙofa ranar Rosh Hashana, jama'a su dawo da su cike da abincin gwangwani da shinkafa ranar Yom Kippur, sannan a Lahadin da ke biye matasan su tantance kayan su kai rumbun abincin mabukata na garin. Dalilin yana cikin karatun safiyar Yom Kippur ɗin kansa, daga babi na 58 na littafin Ishaya, inda aka ce azumin da ake so ya haɗa da raba gurasa da mayunwaci. A sa ɗaya daga cikinsu ya hau mumbari ya yi sanarwar da bakinsa.

Kwana biyar bayan Yom Kippur sai Sukkot, Idin Bukkoki, na kwana bakwai, inda ake gina rumfa mai rufin rassa da ganyaye a ci abinci a cikinta, domin tunawa da zaman Bani Isra'ila a hamada. Babu aikin da ya fi dacewa da ƙungiyar matasa kamar wannan gini, domin a nan maganar hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba karin magana ba ce kawai. A koya musu ƙa'idar tun kafin a ɗaga katako: rufin ya zama daga abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke shi, inuwarsa ta fi hasken rana yawa, kuma kada rumfar ta kasance ƙarƙashin itace ko wani rufi. Ƙungiyoyi da dama kan kuma je su kafa wa tsofaffin majami'a tasu rumfar a gida. Hanuka, idin tunawa da sake tsarkake Haikalin Ƙudus, mai darare takwas, tana zuwa a ƙarshen Nuwamba ko a Disamba, kuma ba ta da wahalar shiri: kunna kyandirori, suyar wainar dankali, da musayar ƙananan kyaututtuka.

Purim ce babbar ranar ƙungiya, kuma sau da yawa ita ce babbar hanyar samun kuɗinta. Tana zuwa a Fabrairu ko Maris, ana karanta littafin Esta, yara da manya suna sa kayan shigar burtu, kuma duk lokacin da mai karatu ya ambaci sunan Haman, wazirin da ya ƙulla halaka Yahudawan Farisa, sai a ɓarke da hayaniya domin a binne sunan. A majami'u da yawa matasa ne ke shirya wa ƙananan yara kasuwar wasanni, da rumfuna, da tikiti, da kyaututtuka. A fara shirinta da aƙalla mako shida, kowace rumfa a ba ta mutum biyu masu suna, a kuma sa babba guda ya zauna tare da ma'ajin ƙungiya a teburin kuɗi. Kada kasuwar ta shafe sauran wajiban ranar, waɗanda suka haɗa da aika wa aboki abinci iri biyu da ba da kyauta ga mabukata aƙalla biyu. Wata dabara mai kyau da wasu majami'u ke yi ita ce a zo da kwalayen makaroni a riƙa kaɗa su a matsayin abin hayaniya, idan an gama karatu a tara su a kai wa mabukata. Idan za a yi wasan kwaikwayon barkwanci da aka saba, wanda a cikinsa har rabbi ba ya tsira daga zolaya, yana da kyau a nuna masa rubutun tukuna.

A Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar, wanda ba a cin abinci mai yisti a cikinsa, kowa yana gida da danginsa, saboda haka kada a sa babban taro a makon. Ya isa a tara su kafin idin su share ɗakin matasa daga duk wani burbushin abinci mai yisti. Ranar tunawa da kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, wadda ke zuwa jim kaɗan bayan idin, ana kunna kyandir shida ana karanta sunayen waɗanda aka kashe, kuma da yake waɗanda suka tsira sun yi ƙaranci yanzu, jikokinsu, waɗanda wasu daga cikinsu membobin ƙungiyar ne, su ne suka fi dacewa su ba da labarin gidajensu. Shabu'ot, Idin Makonni, tana zuwa mako bakwai bayan Idin Ƙetarewa da al'adar kwana ana karatu, kuma wuri ne mai kyau na sallamar 'yan ajin ƙarshe, inda kowannensu zai koyar da darasin minti goma sha biyar a kan nassin da ya zaɓa.

Shabbaton, inda aikin yake

Duk abin da aka ambata a sama bai kai shabbaton tasiri ba, wato taron da matasa ke yin Asabar gaba ɗayanta tare, daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar ko safiyar Lahadi, a majami'a ko sansani ko otal. Shi ne kuma ya fi saurin tona asirin jagoran da bai shirya ba. Abin da zan faɗa a nan ya shafi ƙungiyar da ke kiyaye Asabar bisa doka, kamar USY da NCSY. 'Yan Rifom za su sassauta wasu abubuwan.

A fara da agogo. Ana kunna kyandirorin Asabar minti 18 kafin faɗuwar rana ta Juma'a, kuma daga nan babu tuƙi, babu girki, babu rubutu, babu kunna ko kashe wutar lantarki, babu taɓa kuɗi ko waya, har sai taurari uku sun fito daren Asabar. A birnin New York a watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wato bas ɗin da ya bar ƙofar makaranta ƙarfe uku ba shi da sararin cunkoson hanya ko kaɗan, kuma wani lokaci sai iyaye sun rubuta wa makaranta a saki yaran da wuri. A watan Yuni kuwa matsalar takan juya, domin Asabar ba ta fita sai bayan ƙarfe tara na dare, kuma yammacin nan mai tsawo, ba waya ba talabijin, shi ne lokacin da yara ke ƙosawa idan ba a tanadi abin yi ba.

Sa'a biyu kafin kunna kyandir, a ba wata ƙaramar tawaga ta matasa jerin abubuwan dubawa su zagaya ginin. Su manna salatif a kan makunnan wuta na banɗaki da na zaure domin kada wani ya kashe bisa sabo, su cire ƙwan fitilar da ke cikin firji, su cika tulun ruwan zafi su kunna shi, su ɗora dafaffen abinci a kan farantin ɗumama abinci, su ajiye kwalayen tishu a banɗaki domin ba a yage takarda a ranar. A rubuta sunayen da za a maƙala a ƙirji, a buga jadawali a manna a bango tun kafin lokaci. Idan a otal ne, a tuna cewa makullan ɗakuna na kati lantarki ne, a yi magana da masu otal tun da wuri. Idan kuma a gidajen membobin majami'a za a sauke yaran, dole gidajen su kasance inda za a iya takowa da ƙafa, a kuma bincika ko unguwar tana da erub, wato iyakar da ake kewaye unguwa da ita da waya da turaku, wadda ke halatta ɗaukar kaya a titi ranar Asabar. Ana karɓar wayoyin yara a sa kowacce a ambulan mai suna, amma babba ɗaya ya riƙe tasa a kunne, iyaye kuma su san lambar, domin a dokar Yahudawa ceton rai yana gaba da Asabar, kuma idan yaro ya faɗi ana kiran motar asibiti ba tare da wani jinkiri ba.

Abinci na bukatar nasa lissafin. A dokar kosha, wato dokar halal da haram ta abincin Yahudawa, ba a haɗa nama da madara ko abin da aka yi da ita, kuma bayan cin nama da yawa sukan jira sa'a shida kafin su taɓa madara, wasu uku, gwargwadon al'adar gidajensu. Idan kaza ce abincin daren Juma'a, kayan zaƙin da zai biyo baya kada ya ƙunshi man shanu, kuma idan an ci nama da la'asar ɗin Asabar, a lissafta kafin a yi odar fiza mai cuku da dare. Duk abin da aka sayo a kanti a duba tambarin kosha a jikinsa, irin harafin U a cikin da'ira. Kifi sai mai ɓawo da fiffike, saboda haka tarwaɗa ba ta shiga. Ruwan inabi marar sa maye ake amfani da shi wajen addu'ar tsarkake ranar, domin dokar Amurka ta hana sayar da giya ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma ƙungiyoyin ba sa wasa da wannan. A tambayi iyaye a rubuce game da abincin da jikin ɗansu ba ya ɗauka, musamman gyaɗa.

Ibadar kanta a raba ta gunduwa-gunduwa tun wata guda kafin taron. Karatun Attaura na safiyar Asabar yana da kaso bakwai, a ba mutum bakwai, ko da aya uku-uku ne kowa zai iya. Wani ya ja addu'ar maraba da Asabar, wani ya yi albarka a kan burodin halla guda biyu, wani ya yi jawabin minti biyar a kan karatun makon. Yaron da aka ba aya uku zai zo, domin ya san idan bai zo ba za a tsaya ana waige-waige. A kuma tanadi littattafan addu'a masu rubutun Ibrananci da haruffan boko domin waɗanda karatunsu ya yi tsatsa, kada kunya ta kore su.

Ƙarshen Asabar shi ne habdala, addu'ar rabuwa da rana mai tsarki, kuma shi ne abin da tsofaffin membobi suka fi tunawa bayan shekaru. A kashe fitilu, ko a fita waje, a yi da'ira. Wani ƙaramin memba ya ɗaga kyandir mai lagwani da yawa da aka kitsa kamar gashi, a yi albarka a kan kofin ruwan inabi, a zagaya da kanumfari ko kirfa kowa ya shinshina, sannan kowa ya ɗaga hannu ya lanƙwasa yatsunsa ya dubi hasken a kan farcensa. Daga ƙarshe a tsoma kyandirin cikin ruwan inabin, a ji ƙarar mutuwarsa a cikin duhu, a yi wa juna fatan mako mai kyau. Kuskuren da jagorori kan yi shi ne su cika wurin da dogon jawabi, ko su raba wayoyi kafin a fara. A bar wayoyin cikin ambulan sai an gama. Bayan nan ne ake fita wasan zamiya a kan ƙanƙara ko wani shagali, ranar Lahadi da safe kuma a yi aikin taimako kafin bas ya taso.

Karatu, sadaka da magana mai zafi

Matashin da ya yini a aji ba zai zauna wa wani darasin allo da dare ba. Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce habruta, tsohuwar al'adar makarantun Talmud, babban kundin shari'ar Yahudawa, inda mutum biyu ke karanta gajeren nassi da ƙarfi suna gardama a kansa. Misali mai kyau shi ne matakai takwas na sadaka, wadda a Ibrananci ake kira tsedaka, kamar yadda Musa bin Maimun, malamin da aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya jera su, inda mafi girma shi ne a taimaki mutum da rance ko aiki har ya tsaya da ƙafarsa. A karanta wannan, sannan a ajiye kuɗin da aka samu a kasuwar Purim a kan tebur, a ce su yanke shawarar inda za a kai shi. Gardamar da za ta biyo baya ta fi kowace lacca. Za a ga suna son rarraba kuɗin 18, 36, 54, domin a lissafin haruffan Ibrananci 18 daidai take da kalmar da ke nufin rai.

Tun bayan harin 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin Gaza da ya biyo baya, batun Isra'ila ya yi zafi a tsakanin matasan, waɗanda ra'ayoyinsu suka sha bamban, wasu kuma suna shan tambayoyi ko tsangwama a makaranta. Kada a bari maganar ta ɓarke haka kawai a tsakiyar cin fiza. A ware mata zama na musamman, da ƙa'idojin da su da kansu suka amince da su, da babba wanda zai iya sauraron yaron da ya saɓa masa ba tare da ya yanke shi ba. Idan za a yi taron haɗin gwiwa da matasan masallaci ko coci na unguwa, ya fi kyau a fara da aikin hannu, kamar ɗaure kayan abincin mabukata, a kuma tanadi abinci marar nama da kowa zai ci hankali kwance, da wurin da baƙi Musulmi za su yi salla idan lokaci ya yi.

Tsaro da kare yara

Tun harin da aka kai majami'ar Tree of Life a Pittsburgh ranar 27 ga Oktoban 2018, inda aka kashe mutum 11, majami'un Amurka suka ƙara tsaurara tsaro. Kada a wallafa adireshi da lokacin taro a shafin da kowa ke gani, a rufe ƙofa bayan an shiga, a kuma nuna wa yaran hanyoyin fita a farkon duk taron kwana. Haɗari na biyu daga cikin gida yake fitowa. A 2022 uwar ƙungiyar majami'un Rifom ta fitar da rahoton bincike a kan cin zarafin da ya auku a shirye-shiryenta na matasa cikin shekaru da dama, kuma darasin ya shafi kowa. A binciki tarihin duk babban da zai yi aiki da yara, kada babba ya keɓe da yaro a rufaffen ɗaki ko a mota, kada ya riƙa yi masa saƙon sirri a waya, a raba wuraren kwana, a kuma sanar da yara da iyayensu sunan mutum biyu da za a iya kai wa ƙara, ɗayansu ba jagoran ba.

A watan Afrilu ko Mayu ake zaɓen sababbin shugabanni, tun 'yan ajin ƙarshe ba su watse ba. A sa kowane mai barin gado ya zauna da magajinsa sa'a guda, ya miƙa masa takardunsa: lambar mai fizar kosha, yawan tikitin da aka sayar a Purim, inda aka ajiye katakon rumfar Sukkot, da sunan gidan da ya ce ba zai ƙara saukar da yara ba. A wannan zaman ne kuma ake karɓo daga ofishin majami'a jerin sunayen waɗanda suka yi bar mitsba da bat mitsba a shekarar, a raba su tsakanin sababbin shugabannin, domin kiran farko ya isa gare su kafin a tafi hutun ƙarshen shekara.